An San Rumfar Zaɓenmu, Ba A San Lambatunmu Ba

Hukumar zaɓe ta san kowace rumfa da ke ƙasar Tambuwal da Kebbe. Ta san sunanta da lambarta, ta san mutum nawa suka yi rajista a cikinta, kuma ranar zaɓe ba ta rasa mota ko babur ko kwalekwalen da zai kai akwati can, ko da ƙauyen a ƙetaren gulbi yake. A faɗin Nijeriya rumfuna 176,846 gare ta tun bayan ƙarin da ta yi a 2021, kowace da wurinta a rubuce. To a cikin gwamnatin nan guda, wane ofishi ne zai iya gaya mana inda ruwan saman da ya sauka a tsakiyar garin Tambuwal ya kamata ya bi ya fita? Wa ke riƙe da takardar da ta nuna inda makarantar firamare ta gaba za ta zauna a Dogon Daji, ko faɗin burtalin da ya ratsa ƙasar Kuchi, ko filin da aka keɓe wa maƙabarta a Sanyinna idan ta yanzu ta cika? A je sakatariya a tambaya. In akwai takardar, a fito da ita a liƙa a bango mu gani, don tsarin da aka kulle a durowa bai hana kowa gini kan hanyar ruwa ba.

Ƙorafinmu ke nan. An daɗe ana ba mu ayyuka, amma ba a taɓa zama da mu an tsara ƙasar da ayyukan za su zauna a kanta ba. Aiki shi ne rijiyar burtsatse da allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Tsari shi ne sanin cewa unguwar da ke bayan kasuwa za ta ninka cikin shekara ashirin, don haka a nan bututu zai bi, a can za a bar hanya, kuma kwarin nan ba za a yarda kowa ya aza tubali a cikinsa ba ko ɗan wane ne. Na farko yana da ranar buɗewa da kiɗa da hoto. Na biyu ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ba mai nemansa.

Mu fara da lissafi. Ƙidayar 2006 ta ce Ƙaramar Hukumar Tambuwal na da mutum 224,931, Kebbe kuma 124,658, wato kusan 350,000 a haɗe, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da 4,300. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. An sa ranar ƙidaya a 2023, aka ɗage ta. Jaririn da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yau ya isa yin zaɓe, mai yiwuwa ma ya yi aure yana neman fegin da zai gina ɗaki biyu. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, to tana ninkawa cikin kimanin shekara 24. Duk wanda ke raba ajujuwa da gadajen asibiti da taki bisa adadin 2006, ɗinkin rigar yaro yake yi wa magidanci.

Wasunmu sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abu na farko da ake koya wa ɗalibi a wannan fanni shi ne, komai kyawun manhaja, in ka zuba mata bayanan banza, amsar banza za ta ba ka. Gwamnati ma haka take. Kasafin kuɗi na iya yin kauri kamar bulo, a karanta shi a majalisa a tafa, amma in ba a san ƙauyuka nawa ne ke yankewa daga asibiti a watan Agusta ba, ko kwalbati nawa suka rufta, to abin da zai yanke inda kuɗi za su tafi shi ne wanda ya fi kusa da kunnen mai sa hannu.

Kada wani ya ce mana ƙirga ƙauyukanmu ya fi ƙarfin hukuma. An riga an yi. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, da aka ga ana ta rigakafi cutar tana ta dawowa, sai aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka bi arewacin ƙasar nan rugga-rugga, tunga-tunga, aka gano matsugunan da ba su cikin jerin kowane ofishi. Aka ba masu ɗiga magani wayoyin da ke nuna duk inda suka taka, har ana iya ganin lungun da suka tsallake. A Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Taswirorin da suka samo asali daga wannan aiki suna nan a ƙarƙashin shirin GRID3, da iyakokin mazaɓu da wuraren asibitoci da makarantu, kyauta a intanet ga duk mai so. Wato an san inda muke sarai in ana son ƙuri'armu, an san inda muke in ana tsoron cutarmu ta ƙetara teku. Sai in an zo maganar lambatu da hanya ne ake cewa ba bayanai.

Abin ya fi ciwo in aka tuna yadda garin Tambuwal ya kafu. Ba tarin bukkokin da suka haɗu bisa tsautsayi ba ne. Ribaɗi ne na zamanin Daular Usmaniyya, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsare wannan gefe ta fuskar Kabi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki kafa irin waɗannan garuruwa a matsayin siyasar ƙasa: a zaɓi wuri da gangan, a yi ganuwa, a yi masallaci da kasuwa da makaranta, a zaunar da makiyaya da masu sana'a, a sa malami da alƙali. Shi kansa Wurno ya koma ya zauna. Mutanen nan ba su da tauraron ɗan'adam, da doki da ƙafa suka auna ƙasa, amma sun san dalilin da ya sa gari zai zauna nan ba can ba. A Gwandu kuma, nan kusa da mu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan yadda ake mallakar mataccen fili da abin da ba a yarda wani ya mallake ba, irin hurumin gari da kewayen rijiya da wurin kiwo. Hadisi ma ya yanke faɗin hanya zira'i bakwai in an yi jayayya a kanta. Saboda haka mai cewa tsara gari al'adar Turawa ce, ko kuwa shisshigi ne ga ikon Allah, ya koma ya tambayi malaminsa. Kalmomin hurumi da burtali da makiyaya da mashaya duk tsari ne da kakanninmu suka bar mana a cikin harshe. Filayen ne muka wayi gari an cinye, sunayen suka rage.

Ga yadda gari ke faɗaɗa a yau, kowa ya sani. Mai gona a bakin gari ya rasu, magada su raba. Ɗaya daga cikinsu na son kuɗin aure ko jarin kabu-kabu, sai ya kira dillali. Dillali ya zo da igiyar awo da turaku, ya yanka gonar fegi-fegi, kuma tunda kowane taku kuɗi ne, lungun da zai bari bai wuce wanda amalanke za ta kutsa da ƙyar ba. A rubuta takarda, mai unguwa da shaidu su sa hannu, a yi addu'a a watse. Gonar da ke maƙwabtaka da ita wani dillalin ne zai yanka ta baɗi, lungunsa ba zai haɗu da na farko ba. Ba wanda ya yi sata a cikinsu, kowa haƙƙinsa ya sayar. Amma bayan shekara goma sai ga unguwa mai gida ɗari biyar wadda motar kashe gobara ba ta shiga, ba filin makaranta, ba wurin zuba shara, ruwan kwatar wannan gida na kwanciya a gindin katangar wancan. Damina ta zo, katangun ƙasa su jiƙe su zube, a kawo buhun shinkafa da tabarma da bargo a ɗauki hoto, a kira abin ibtila'i. Ruwa dai hanyarsa ya bi, wadda yake bi tun kafin a haifi kakan dillalin.

Ranar da gwamnati ta farka ta ce za ta fitar da titi a unguwar, sai ta tarar dole ta rusa gidaje ta biya diyya, ta kuma sayi gaba da mutanen da ba su da laifi. Hanyar da a lokacin tana gona turaku da ɗan abin sallamar mai gona kawai take buƙata, yanzu ta koma ta miliyoyi. Habasha ta gane wannan lissafi. Daga 2013 garuruwa irin su Hawasa da Adama da Bahir Dar da Mekele suka auna inda za su kai nan da shekaru masu zuwa, suka shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tazarar kimanin kilomita guda tsakaninsu, tun wuraren suna gonaki. Ba kwalta aka fara zubawa ba, shata layin aka yi aka tsare shi. Kwalta na iya jiran kuɗi, fili ba ya jira.

Wa doka ta ɗora wa wannan aiki? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Filayen da aka ayyana birni shi ke ba da takardarsu, sauran kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a mataki uku, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, don haka ba sauran fakewa da Abuja. Kundin tsarin mulki na 1999 kuwa ya jera wa ƙaramar hukuma ayyukanta dalla-dalla: kasuwanni, tashoshin mota, hanyoyi da magudanun ruwa, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Mai karatu, in kana Kebbe ko Jabo ko Romon Sarki, mece ce lambar gidanku? Har yau kwatancenmu bai wuce "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai nika, ka tambayi gidan Alhaji" ba. Wannan kwatance na isar da baƙon biki. Ba ya isar da motar asibiti da tsakar dare, kuma ba a gina rajistar haraji ko ta ruwan famfo a kansa.

Za a ce ƙananan hukumomi ba su da kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Shekara da shekaru kasonsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isa sakatariya sau da yawa albashi ne da ɗan abin cefanen ofis. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan su kai tsaye. Mun yi murna da hukuncin. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: ciyaman da ba shi da taswira, in kuɗi suka shigo hannunsa, abin da zai yi shi ne abin da ya ga manya na yi, ya raba babura da kekunan ɗinki, ya yi wa sakatariya sabon fenti da ƙofa mai ado. 'Yancin kuɗi ba tare da tsarin da jama'a suka sani suka kuma amince da shi ba, matso da rabon ganima ne kusa da gida.

A nan dole mu taɓa abin da mutane ke kauce wa faɗa a fili. Wannan yanki bai yi rashin manya ba. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, shekara huɗun ƙarshe yana Kakakin Majalisa, mutum na huɗu a ƙasa. Ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, daga nan ya tafi Majalisar Dattawa. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki haifaffen Dogon Daji ne. Shagari, garin shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983, na nan kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. Ba mu ce ba a amfana da su ba, an samu gine-gine da guraben aiki da hanyoyi, mai musun haka bai yi adalci ba. Abin da muke cewa shi ne, da samun ɗa a sama yana tsara ƙasa, da Tambuwal ta zama abin kwatance a Arewa. Babban mutum na kawo abin da hannunsa ya kai lokacin da yake kan kujera, in ya sauka abin ya tsaya. Magajinsa, musamman in jam'iyyarsu ba ɗaya ba, ba ya son ƙarasa abin da za a kira da sunan wani. Da akwai rubutaccen tsari na shekara ashirin da majalisar jiha ta mayar doka, da kowane sabon gwamna ya tarar da layin da zai ɗora a kai, mu kuma da mun samu ma'aunin da za mu auna shi.

Su ma gwamnatocin jiha, duk wadda ta zo idonta na kan birnin Sakkwato. An yi gadojin sama a Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorawa, kuma ba mu ƙi birni ya yi kyau ba, namu ne duka. Sai dai jihar na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma binciken talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa Sakkwato a gaba da kowace jiha, da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta. Abin da wannan bincike ya auna ya haɗa da nisan asibiti da zuwa makaranta da ruwan sha da makewayi, wato abubuwan da wurin zamansu a ƙasa ke yanke ko talaka zai same su. Cunkoson da ake gina gadar sama don a rage shi, wani ɓangarensa 'ya'yan ƙauyukanmu ne da suka rasa abin yi a gida suka tafi birni tura ruwa da kabu-kabu.

Kebbe ce ta fi shan wahalar wannan makanta. (Har sunanta ma ruɗa shi ake yi da Jihar Kebbi, sau nawa muka ga an rubuta labarinta an kai ta wata jiha.) Ta fi Tambuwal faɗin ƙasa nesa ba kusa ba, murabba'in kilomita 2,618 gare ta, ga fadamar Gulbin Zamfara, ga daji, ga dabbobi. Amma dubi inda take a taswira: Zamfara ta gabas, Kebbi ta kudu da yamma. Kafin 1991 duk jiha guda ce. Aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, sai Kebbe ta wayi gari a matsayin wutsiya, ƙarshen kowa. Manomin Kebbe ko na Tambuwal da ya ɗora buhunansa a mota, lissafinsa Jega ne da Gummi da Aliero, ba ruwansa da allon da ke cewa barka da zuwa wata jiha. Kasuwa guda ce, gulbi guda ne, shanun da ke ratsawa guda ne. Amma hanya in ta kai iyakar jiha sai ta zama marainiya, kowane gwamna na ganin gyaranta amfanin maƙwabci ne.

Ɓarayin daji sun fahimci wannan yanki a matsayin ƙasa guda fiye da yadda ma'aikatun jihohi uku suka fahimce shi. Sun san inda hanya ta mutu, sun san mashigin da motar jami'an tsaro ba ta ƙetarewa da damina, sun san inda sabis ke ɗaukewa. Garuruwan ƙasar Kebbe sun sha hare-hare, mutane sun bar gonakinsu. Masu cewa a bari sai tsaro ya samu kafin a yi maganar tsari, mu tambaye su: jami'in da aka kira da dare ta wace hanya zai bi? Ba mu ce rashin kwalbati ne ya haifi ta'addanci ba, tushensa ya fi haka yawa. Amma dajin da hukuma ba ta da hanya a cikinsa, ba makaranta a gefensa, ba ma'aikacin da ke kwana kusa da shi, wani zai mulke shi. Waɗanda suka gudo kuma a bakin manyan garuruwa suke sauka, a filin da ya fi araha, wanda galibi shi ne kwarin da ruwa ke bi. Gudun hijirar bana ita ce ambaliyar baɗi.

Rikicin manomi da makiyayi ma a nan yake kwance. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma burtalin da ba a auna ba, ba a kafa masa alama ba, kowace shekara sai garma ta ɗan ci gefensa har ya zama siririn da saniya biyu ba sa jerawa. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su kai mu kuɗi ba, sun kafa dokar karkara a 1993 da kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya da ma'aikata ke zama tare su shata hanyar dabbobi su kafa mata alamu. Bai kashe rigima duka ba, amma in an yi gardama akwai abin da za a je a duba. A wurinmu shaidar ita ce ƙwaƙwalwar dattijo, in ya rasu ta bi shi kabari.

Muna kuma da kashedi ga masu ɗokin tsarin da ake saukowa da shi daga sama. Wannan ƙasa ta ga Bakolori. An zana madatsar ruwa da gonakin ban-ruwa a takarda mai kyau, aka kawo kamfanin Italiya, aka tashi manoma daga gonakinsu ba tare da an daidaita da su kan diyya ba, da suka tare hanya a Afrilun 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Ba irin wannan muke nema ba. Haka nan ba mu neman a kira wani kamfani daga Abuja ya kwana biyu a otal a Sakkwato ya rubuto kundi mai shafi ɗari uku da Turanci, wanda uban ƙasa bai gani ba, kansila bai karanta ba. Kuma, ko da yake sana'armu ce, ba mu neman a ba da kwangilar wata sabuwar manhaja a yi bikin ƙaddamarwa. Manhaja ba ta yashe lambatu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro, duk abin da ya dogara da sabis kaɗai ya tsaya cik. Abin da za a dogara da shi dole ya kasance a takarda ma, da Hausa, da boko da ajami, manne a ƙofar uban ƙasa da bangon sakatariya.

Abin da muke nema ƙarami ne har ya kusa ba da kunya. Mazaɓu 11 ne a Tambuwal, 10 a Kebbe. A buga hoton sama na kowace a babbar takarda, a shimfiɗa a gaban hakimai da limamai da ardo da matan gari da 'yan kasuwa da direbobin tasha, kowa ya nuna abin da ya sani: nan ruwa ke kwanciya, nan burtali ya bi, nan hurumi ne, wannan rijiya ta ƙafe, wannan gada in ta cika ƙauye shida ke yankewa. Matan su ne suka san nisan ruwa da nisan ɗakin haihuwa, taron da ba su ciki rabin taswira zai fitar. Samarinmu da suka gama jami'a da kwalejin kimiyya suna zaune, wayar da ke aljihunsu ta isa ta ɗauki wurin kowace kwalbati da famfo da aji. A Darussalam ta Tanzaniya ɗalibai ne da mazauna unguwanni suka zana magudanun ruwan birnin ta wannan hanya tun daga 2015. Ruwanda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista cikin 'yan shekaru da hotunan sama da mutanen gari da aka koya wa aikin. Mazaɓu 21 ba za su gagare mu ba. Daga nan sai hukumar tsara birane ta jiha ta turo ƙwararrunta su zauna a Tambuwal da Kebbe, ba ziyarar yini guda ba, su fitar da layin manyan hanyoyi da hanyoyin ruwa da filayen makaranta da maƙabarta na shekara ashirin, a biya masu gonakin da abin ya shafa haƙƙinsu tun ƙasa na da araha, majalisar ƙaramar hukuma ta amince a bainar jama'a. Duk takardar cinikin fegi da ta saɓa wa layin, kada mai unguwa ya sa mata hannu.

Akwai dalilin gaggawa da ya wuce damina. Tambuwal garin hanya ce. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga da Shagari da Dogon Daji ya wuce Jega shi ke ciyar da mai shayi da mai faci da mai gidan mai da mai tuwo. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabuwar babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry ta cikin Jihar Kebbi. In ta kammala, manyan motoci za su zaɓi wadda ta fi musu sauƙi. Ko dai a haɗa kasuwanninmu da ita da hanyoyi masu kyau, da wurin ajiyar albasa da hatsi da kara ta dabbobi mai tsari, ko mu zauna muna kallon tireloli na raguwa muna cewa kasuwa ta mutu. Wannan magana ce da ya kamata a ce wakilanmu na jiha da na tarayya sun riga sun zauna a kanta da takwarorinsu na Jega da Gummi.

'Yan takara za su dawo kafin 2027, da jerin gwanon motoci da atamfa da alkawarin aiki. Duk wanda ya tsaya a dandalin Kebbe ko na Tambuwal ya ce zai kawo ci gaba, a miƙa masa alli a ce ya zana mana a ƙasa inda garin zai kai nan da shekara goma, da inda ruwansa zai bi. Kafin nan kuma akwai kaka. Da an cire gero da dawa daga gonakin bakin gari, dillalai za su fito da igiyarsu, kuma duk layin da ba a kafa wa turaku ba kafin su riga mu, sai dai a saye shi da rusau.